Layin Malama Ƙarama

"Ki janye."

Gwaggo ce ta faɗa tun daga bakin ƙofa, ko mayafinta ba ta sauke ba. Malama Ƙarama tana zaune a ƙasa da tulin littattafan 'yan ajinta, jan biro a hannu. Ta ɗago ta dubi yayar mahaifinta, ta dubi Umma da ta yi tagumi a bakin gado.

"Gwaggo, ina wuni?"

"Ban wuni ba. Ina zan wuni, gari ya ɗauka wai 'yar ƙanena za ta tsaya gobe a tsakiyar fili ta kara da yayan saurayinta? Ke wace irin yarinya ce? Duk kujerun duniya ba ki ga wadda za ki nema ba sai ta mutumin da zai zo nema wa ƙanensa aurenki?"

"Ba kujerarsa ba ce, Gwaggo. Ta malamai ce."

"Ji ta! Kin ji ta ko?" Gwaggo ta juya ga Umma tana tafa hannu. "Mutum kamar a saka shi a aljihu, amma baki ya fi na kasuwa."

Gaskiya ne, ba ta da tsawo. Yara ne suka raɗa mata Malama Ƙarama tun shekarar da ta fara koyarwa, don wasu 'yan aji shida sun kere ta, sunan kuwa ya bi ta har gida. Amma duk wanda ya raina ta don jikinta bai taɓa ganin ranar da ranta ya ɓaci ba.

Abin ya faro ne daga wata dattijuwar malama mai ciwon gwiwa. Matar ta yi ƙorafi cewa bangon ajinta ya tsage, tana tsoron ya faɗo wa yara. Maimakon a gyara bango, sai aka cilla ta wata makaranta can bayan gari, inda sai an sauka daga mota a taka da ƙafa. Aka kai kuka wurin Ciyaman, shugaban ƙungiyar malamai na shiyya, ya ce a yi haƙuri zai duba. Ya yi ta dubawa har zango ya ƙare.

Malama Ƙarama ba ta yi zanga-zanga ba, ba ta zagi kowa ba. Abokan aikinta ta tara, kullum idan an tashi makaranta su kwashi littattafan yara su tafi ofishin ilimi, su zauna reras a baranda suna gyaran aiki. Duk mai shiga sai ya tsallake ƙafar malami, duk mai fita sai ya ce a gafarce shi. Da kunya ta ishi masu ofis, aka dawo da dattijuwar makarantarta, aka kuma turo magina. Tun daga nan malamai suka ce ai ga wadda suke nema ta shugabanci ƙungiyarsu.

Sai dai Ciyaman shi ne yayan Dogo. Dogo kuwa, malamin lissafi na sakandaren da ke jikin makarantarsu, shi ne duk abin da zuciyarta take so a duniyar nan.

"Ni fa na gaya miki," Gwaggo ta ci gaba, ta sassauta murya, "ga Mai Makaranta nan, mutum mai makarantarsa ta kansa hawa uku. Jiya ma ya zo gaishe ni. Ya ce ranar da kika amince, ke ce shugabar makarantar, ofis naki ke kaɗai, ba ke ba alli. Me ake da wani dogon malami mai babur, wanda ko tari ba ya yi sai da izinin yayansa?"

"Ba na son sa, Gwaggo."

"So! Sai ki dafa son ki ci."

Sai a lokacin Umma ta yi magana. "Auta, mahaifinki koyarwa ya yi har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa ɗaga wa na sama da shi murya ba."

"Shi ya sa aka yi ta wurgi da shi daga wannan ƙauye zuwa wancan, Umma. Na girma ban san fuskarsa ba sai an yi hutu. Ke kika gaya min ranar da aka haife ni yana can yana jiran motar da ba ta zo ba."

Umma ta kai gefen zaninta ido. Malama Ƙarama ta yi nadamar maganar tun kafin ta rufe baki, ta matsa ta dafa gwiwar mahaifiyarta.

"Ki yafe min."

"Ban hana ki ba," Umma ta ce. "Amma ki ji da kyau. Yaron nan ba shi da uwa, ba shi da uba, yayan nan shi ne komai nasa. Ni ba zan kai ki gidan da babbansu ya juya miki baya ba. In bai sa baki ba, babu wannan aure."

Malama Ƙarama ta miƙe tsaye.

Ta tattara littattafan ta ce za ta mayar makaranta. Ba littattafan ne suka dame ta ba, ta san Dogo yana can yana jiran ta.

A ajinta ta same shi, ya naɗe a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Da a wata rana ce da ta tsokane shi. Mutanen unguwa ma in sun gan su tare sai su ce ga falwaya da fitilarta sun fito. Yau ko murmushi bai yi ba.

"Yaya ya kira ni," ya ce.

Ta ajiye littattafan a kan tebur, ta tsaya jikin allo.

"Ya ce gobe ni zan fara tsayawa a bayansa, kowa ya gani. In na yi haka, kika kuma janye, cikin makon nan zai je wurin Umma da kansa. Ya ce har zai ba ki kula da harkokin mata a ƙungiya."

"Harkokin mata," ta maimaita. "In riƙa raba ruwa ranar taro ke nan. In kuma ban janye ba fa?"

"Ya ce ba ruwansa da maganarmu." Ya dube ta. "In kuwa na kuskura na tsaya a bayanki, ya ce in nemi wani yayan."

Wannan zaɓen ba na akwati ba ne. Ciyaman da kansa ya sa aka soke akwati a bana, ya ce a yi layi, kowane malami ya tsaya bayan wanda yake so a bainar jama'a. A takarda ya ce don gudun maguɗi ne. Kowa ya san dalilin: yana so ya ga fuskar duk wanda zai iya guje masa, shi da ya san ƙofar kowane ofishi da ake rubuta canjin wurin aiki.

"To kai me ka ce masa?" ta tambaya.

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Malam, magana nake yi."

"Me zan ce? Shi ya goya ni ranar da aka binne mahaifiyarmu. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni aji ɗaya. Rigarsa ya ba tela ya rage min na je kwaleji da ita. Ki gaya min, da wane bakin zan ce masa a'a?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ni ma da wane bakin zan ce wa malaman nan na fasa? Akwai mai juna biyu da take tsayuwa gaban yara fiye da ɗari, ba kujerar zama. Akwai wanda ya yi kasada domina ya sa hannu a takardar takarata, alhali ya san za a iya cilla shi daji. In ce musu me? In ce ku yi haƙuri, miji na samu?"

"Ban ce ki janye ba."

"Ba ka kuma ce kar in janye ba."

Ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fankar da ta daɗe da mutuwa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ƙarama, wallahi ina son ki. In na rasa ki ban san me zan yi da raina ba."

"Ni ma haka," ta ce cikin kuka. "Shi ya sa zan sauƙaƙa maka. Ka tsaya bayan yayanka. Ban riƙe ka ba, ba zan riƙe ka ba."

Ƙarya take yi, ta kuma san ƙarya take yi. In ya tsaya bayan Ciyaman, ba za ta ƙara iya kallon sa da idon da ba. In ya tsaya bayanta, ya rasa yaya, Umma kuma ta riga ta yanke hukunci. Ta kowace hanya ta duba, ba ta ga inda za ta fita da shi a hannunta ba.

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗauki jakarta ta fice, don ba ta son ta ji.

A bakin makaranta wata farar mota tana fake. Gilashi ya sauka a hankali, ƙamshin turare ya riga mai shi fitowa.

"Ranki ya daɗe," Mai Makaranta ya ce, yana murmushi. "Wa ya taɓa min ke? Shigo in kai ki gida. Wannan wahalar ta ƙungiya ba ta dace da ke ba, ai irinku a inuwa ake ajiye su."

"Na gode, ranka ya daɗe. Malamanka suna da ƙungiya?"

Murmushin ya ɗan rage faɗi. "Me za su yi da ita? Ai ni ne ubansu."

"To ka gaishe su. Ka ce ina nan zuwa."

Ta wuce da ƙafa, ta bar shi da gilashi a buɗe.

Washegari filin babbar sakandare ya cika tun da hantsi. Jami'an zaɓe daga hedikwatar ƙungiya sun kafa tebur a gindin bishiya. Ciyaman ya iso cikin babbar riga, shugabannin makarantu suna bin sa, ana ta miƙa masa hannu bibbiyu. Ya wuce ta gabanta kamar bai ga kowa ba.

Ta duba ko'ina. Ba Dogo, ba baburinsa.

"Daina raba ido," aminiyarta ta raɗa mata. Malamar aji huɗu ce, wadda ake kira Rediyo, don in ta kama magana sai dai a ɗauke wuta. "Ki tsaya kyam. In kin faɗi ma ni zan ɗauke ki, ai ba nauyi gare ki ba."

Babban jami'in ya ɗauki lasifika ya karanta doka. 'Yan takara biyu za su tsaya su fuskanci bangon ɗakin taro. Ba wanda zai waiwaya sai an gama ƙirga. Wanda ya waiwaya, an yi masa gargaɗi, in ya sake ya fita.

Ta tsaya. Bango ne kawai a gabanta, fentinsa ya ɓaɓɓare, wani yaro ya zana mota da gawayi. A damanta, ɗan nesa kaɗan, Ciyaman yana gyara zaman hularsa.

"Bismillah, malamai, a yi layi!"

Nan take ta ji tururuwar ƙafafu ta nufi ɓangaren dama. Takalma masu nauyi, gyaran murya, dariyar manya. A bayanta kuwa shiru, sai numfashin Rediyo. Ashe haka abin yake? Duk waɗanda suka rantse mata a ɗakin malamai, ido ya ci su.

Sai ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali. Sanda ce take taɓa ƙasa. Ta san wannan tafiyar, dattijuwar nan ce mai ciwon gwiwa. Filin ya yi tsit, kowa yana kallon ta tana ratsa shi ita kaɗai, ba ta sauri, har ta iso.

"'Yata, ga ni," ta ce. "In ya so a kai ni bayan duniya."

Kamar an buɗe famfo. Silifas, takalman roba, ƙarar awarwaro, kukan jariri a bayan uwarsa. Ta ji motoci sun tsaya a bakin ƙofa, ta ji muryoyin malaman ƙauye da ba a taɓa gani a taro ba. Ta ji har wasu takalma masu nauyi suna dawowa daga dama, a sace, kamar masu tsoron taka ƙwai. Abin da Ciyaman bai lissafa ba ke nan. Ya shirya layi don ya ga mutane, ya manta su ma za su ga junansu.

Ana nan sai hayaniya ta kaure. Malamai dai, masu tsayar da yara a layi kowace safiya, sai ga shi sun kasa tsayar da kansu. Wannan ya ce shi ya riga zuwa, waccan ta ce an taka mata zani. Jami'in yana ta ihu ba zai ƙirga cunkoso ba.

Rediyo ta karɓe filin ba tare da lasifika ba.

"Kai! Shiru! Gajeru gaba, dogaye baya! Kowa ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar na gabansa! Malam, da kai nake, ko sai na zo?"

Dariya ta ɓarke, amma aka bi umarni. Jiki ya saba.

Ta gefen ido ta ga Ciyaman ya kasa daurewa, ya juya.

"Ranka ya daɗe, gargaɗi na farko," jami'in ya ce.

Ya mayar da fuskarsa bango. Me ya gani? Ƙanensa ya gani a bayansa, ko rashinsa? Fuskar ba ta gaya mata komai ba. Wuyanta ya yi tsami don son waiwaye, ta dafe jakarta a ƙirji tana addu'a. Ita kanta ba ta san wanne take roƙo ba, kujerar ko mutumin.

Aka gama ƙirga layin dama da wuri. Nata kuwa muryar mai ƙirga ta yi ta nisa, ta yi ta nisa, har ta daina jin ta.

Da lasifika ta faɗi sakamako, ba ta ji adadin ba, ihu ya haɗiye shi. Ta dai ji "Malama Ƙarama", ta ji "sabuwar shugaba", ta ji hannuwa sun ɗaga ta sama kamar 'yar aji ɗaya.

"Ku sauke ni! Don Allah ku sauke ni!"

Layin Ciyaman ta fara dubawa. Wanda ke bayansa ma'ajin ƙungiya ne, yana share gumi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, ba su da yawan da za su ɓoye mutum. Dogo ba ya ciki.

Ta duba nata. Fuskokin mata ne a gaba, suna kuka suna dariya. Layin ya miƙe, ya zagaye ragar ƙwallo, ya ɓace bayan tankin ruwa. Ba ta hango shi ba.

Bai zo ba ke nan. Ya zaɓi ya zauna a ɗaki ya bar su su biyu su ƙarata. Baƙin ciki ya kama ta a tsakiyar farin cikin da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Ta dake. Ta ce kar kowa ya watse, za ta bi layin ta gode wa kowa. Ta fara da dattijuwar, ta durƙusa har ƙasa. Ta bi su tana gaisawa, tana kiran kowa da makarantarsa. Mutanen suna ƙara tsawo tana ƙara ɗaga kai, ta wuce raga, ta sha kwanar tanki.

Yana can a ƙarshe, shi kaɗai a rana, hannunsa har yanzu a kafaɗar na gabansa.

Ta tsaya cak.

"Ina cikin na farko fa," Dogo ya ce, kamar mai kai ƙara. "Ina bayan Mama mai sanda. Wannan ƙawar taki ce ta koro ni nan."

Ta fashe da dariya, kuka ya biyo baya, ta rufe fuska da jaka.

"Na ce ka tsaya bayan yayanka."

"Kin faɗa. Ban yi barci ba ina tunani. Shi ya koya min in ga daidai in bi. Ban san ranar da ya daina ba, amma ni ban daina ba."

"Ya gan ka?"

"Lokacin da ya waiwaya, ido cikin ido."

"Malam, ka san abin da Umma ta ce..."

"Na sani. Zan je ƙofarsa kullum in durƙusa, ko shekara nawa ne. Ke dai kar ki gaji."

Ba ta kai ga amsawa ba ta ga mutane suna darewa. Ciyaman ne yake tahowa, shi kaɗai, masu miƙa masa hannu bibbiyu duk sun ɓace. Ya tsaya a gabansu. Sai yau ta lura furfura ta cinye masa gemu. Ya dubi layin tun daga tanki har bango, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi ƙanensa.

Dogo ya zube a ƙasa. "Yaya..."

"Tashi, kar ka ƙara tara min jama'a."

Ita bai kalle ta ba, ko sau ɗaya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullan ofishin ƙungiya, ya jefa wa Dogo a ƙirji.

"Ungo. Ka ba matarka."

Ya juya ya nufi motarsa, yana tattare babbar riga.

Dogo ya bi shi da kallo, ya dubi makullan, ya dube ta.

"Kin ji abin da ya kira ki?"

Malama Ƙarama ta share hawaye da bayan hannu, ta miƙa masa tafinta.

"Na ji. Duk filin nan ma sun ji, ba shi da wurin janyewa. Ba ni makullaina."